Kada Hunturu Ya Hana Mu Hawan Keke

Masu cewa a dakatar da yawon kekuna har hunturu ya wuce, ba mu goyi bayansu ba. Gaskiya ne, ayarin da ya nufi Kano daga Zariya a watan Janairu, iskar arewa maso gabas zai yi ta fuskanta, ga ƙura, tafiyar kusan mil 100. Amma maganin wannan tsari ne. Ƙarfafa su riƙa karɓa-karɓar gaba, masu rauni su fake a bayansu. In an yada zango, a juya ƙofar tanti kudu maso yamma, a danne turaku da duwatsu, a kashe wuta kafin barci, domin ciyawa ta bushe. 'Yan'uwa ɗalibai, a zamanin da, fataken Gwanja ma da rani suke tashi.