Amanar Majinyaci a Bakin Nas: Darasin Gwajin Trovan a Kano

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, ko a asibitin yara na Hasiya Bayero, ya san cewa likita kamar baƙo yake a ɗakin marasa lafiya. Yakan zo zagaye, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Wadda take wuni take kwana da majinyaci ita ce nas. Ita ke ba da magani, ita ke yin allura, ita ke lura da numfashi cikin dare, kuma ita ake tambaya da Hausa abin da likita ya faɗa da Turanci. Ko da yake maza ma suna wannan aiki, mata sun fi yawa, shi ya sa za a riƙa ambaton ta a matsayin mace. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a gari irin Kano, babban nauyin da ke wuyan nas yana bakinta ne, domin ta bakinta talaka yake sanin abin da za a yi wa jikinsa ko jikin ɗansa. Tarihin garin kuwa ya riga ya nuna irin hasarar da ake yi idan wannan amana ta sami tangarɗa.

A rani na shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewacin Nijeriya, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Ƙwayar da ke haddasa irin wannan annoba, wadda masana ke kira Neisseria meningitidis, tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Idan iskar hunturu da ƙura suka busar da fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, daga nan ta isa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ta kumbura shi. Cunkoson jama'a a ɗakunan da iska ba ta ratsa su, irin waɗanda ke lungunan cikin ganuwa, yana sauƙaƙa yaɗuwarta. Tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya, kuma daga cikin waɗanda suka tsira akan sami kurame da masu lalurar ƙwaƙwalwa. A wannan shekara ƙyanda da amai da gudawa su ma sun sauka a Kano, har Asibitin Zana, watau asibitin cututtuka masu yaɗuwa, ya cika ya batse.

Ana cikin wannan hali ne tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta iso asibitin da sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba da izinin sayar da shi ba. Aka ɗebi yara wajen 200, aka ba wa kimanin rabinsu Trovan, sauran kuma aka yi musu allurar seftiriyazon, wadda aka riga aka san ingancinta, amma a kan awo ƙasa da wanda aka saba. Yara 11 suka rasu: 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. A cikin wannan asibiti kuma, a daidai wannan lokaci, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana ba da sanannen magani kyauta. Bayan kamar mako biyu tawagar ta tattara ta koma gida, annoba kuwa tana nan.

Sai a watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta tono labarin. Daga baya ta tabbata cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka dogara da ita an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya yanke a 2001 cewa gwajin ya saɓa wa doka. Kamfanin dai ya tsaya a kan cewa bai aikata laifi ba, cutar ce ta kashe yaran, kuma a 2009 ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Shi Trovan ɗin, Amurka ta amince da shi don manya a 1997, sannan ta taƙaita amfani da shi ƙwarai a 1999 saboda lahanin da yake yi wa hanta.

Abin da ya shafi aikin jinya a cikin wannan labari yana wuri guda. Babu takardar yarda da iyaye suka sa wa hannu. Da aka tambayi kamfanin, sai ya ce nas-nas na gida sun yi wa iyaye bayani da Hausa, iyaye kuma sun amince da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, ba a kuma gaya musu akwai sanannen magani a kusa ba. Mai karatu ya dubi inda nauyi ya faɗa. Kamfani mai dukiya, da lauyoyi, da likitocin ƙasashe biyu, duk sun jingina hujjarsu a kan 'yan kalmomin da wata nas ta faɗa wa wata uwa a bakin gado. Ba a kawo wannan don ɗora wa waɗannan ma'aikata laifi ba, domin sun yi aiki cikin annobar da za ta iya kashe su, kuma ba su ne suka tsara gwajin ba. An kawo shi ne don a ga cewa matsayin tafinta, wanda ake ɗauka ƙaramin aiki, shi ne ginshiƙin da halaccin magani ya tsaya a kansa.

Ƙa'idar neman yarda ba sabuwa ba ce. An kafa ta a Nuremba a 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a jikin fursunoni, aka ƙarfafa ta da Sanarwar Helsinki a 1964. Majalisar Nas-nas ta Duniya ta fitar da kundin ɗa'arta tun 1953, ta sabunta shi a 2021, kuma ya ɗora babban haƙƙin nas a kan wanda take jinya, kafin likita ko mai asibiti. A Nijeriya, Hukumar Nas-nas da Unguwarzoma da aka haɗe da Doka ta 89 ta 1979 ita ke da ikon ladabtarwa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da zaɓin da yake da shi, da 'yancinsa na ƙin amincewa, cikin harshen da yake ji. Musulmin Kano ma ba ya buƙatar a kai shi Turai kafin ya gane wannan. Tarihi ya adana sunan Rufaida Al'aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, ciki har da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ, kuma amana kalma ce da kowane ɗan makarantar allo ya san nauyinta.

Sai dai ƙa'idar da aka rubuta a Helsinki tana buƙatar wanda ya san halin Bakano kafin ta yi aiki. An horar da mutanen birni a kan kunya da kawaici da girmama na gaba. Idan mai farin kaya ya yi magana, amsar da ladabi ya tanada ita ce "to". Wannan "to" tana iya nufin na yarda, tana iya nufin na ji, tana iya nufin ban gane ba amma ina jin nauyin tambaya. Uwar da ɗanta ya sanƙare a hannunta za ta ce "to" ga duk wanda ya miƙo hannu. Bugu da ƙari, sau da yawa matar da ta kawo yaro ba ita ce mai yanke magana a gida ba, maigida yana kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari. Kalmar "gwaji" kanta tana da fuska biyu a asibiti, domin gwajin jini ma gwaji ne. Wanda ya ce wa uwa "za a yi wa yaro gwaji" bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya ba, in dai abin da ake nufi shi ne za a jarraba maganin da ba a tabbatar da shi ba. Baƙo ba zai gane waɗannan abubuwa ba. Nas 'yar gari ta san su sarai, kuma wannan sani shi ya mayar da ita mai riƙon amana.

Akwai masu cewa lokacin annoba ba lokacin dogon bayani ba ne, ceton rai shi ne gaba. Wannan magana tana da ƙarfi idan maganin sananne ne kuma jinkiri zai jawo mutuwa. Doka ma ta yarda a ceci wanda ya suma ba tare da jiran izini ba. Amma gwajin sabon magani al'amari ne daban, domin amfaninsa na farko na ilimi ne da na mai maganin. Bayanin da ake buƙata kuwa bai wuce jimla uku ba: wannan magani sabo ne ana jarraba shi, akwai wanda aka sani a can, kuma in kin ƙi ba za a daina kula da ɗanki ba. Wanda ya sami lokacin ɗibar ruwan laka a bayan yaro bai rasa lokacin faɗin waɗannan ba.

Wasu kuma za su ce nas ƙaramar ma'aikaciya ce, umurni take bi, in ta yi gardama ta rasa abincinta. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Matar da ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya ita kaɗai cikin dare, ga ƙarancin albashi, ga abokan aikinta dubbai sun tafi Ingila da Saudiyya, ba a yi mata adalci ba idan aka ce ta zama jaruma alhali babu mai kāre ta. To amma abin da wannan hujja ta tabbatar shi ne hukuma na da nata nauyin. Ba ta sauke na nas ba. Lasisin da ke hannun nas da sunanta aka rubuta shi, kuma hannun da ya yi allura shi ake tambaya, a duniya da lahira.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano bisa jita-jitar cewa tana hana haihuwa. Dalilan ƙin suna da yawa, na siyasa da na addini, amma labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Kafin a dawo da allurar a watan Yuli na 2004 cutar ta sami sarari, daga bisani ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, har Yaman da Indunusiya. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe mata 9 masu aikin rigakafi a cibiyoyin lafiya biyu a Kano. Sai a 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Duk lokacin da yarda ta karye, yaran talakawa da ƙananan ma'aikatan lafiya su ne ke biyan bashin, waɗanda suka jawo abin kuwa sun daɗe da barin gari.

Ba sai an jira baƙin kamfani ba kafin wannan amana ta taso, kullum tana nan a ɗakin haihuwa da ɗakin gwaji. A unguwanni irin su Yakasai da Mandawari kowa ya san kowa, kuma nas ɗin da ta ga sakamakon gwajin ƙanjamau ko tarin fuka na wata mata tana iya haɗuwa da kishiyarta a gidan biki da yamma. Magana zarar bunu ce, kalma ɗaya ta isa ta kashe aure ko ta hana ɗaura shi. Shi ya sa aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haka nan tsawa ga mai naƙuda, da fifita ɗan masu hali a kan almajiri, da rubuta awon zafin jikin da ba a auna ba, duk cin amana ne, kuma kowane ɗaya yana koya wa wata mata cewa gara ta haihu a gida.

Saboda haka akwai gyara huɗu da ya kamata a yi. Na farko, makarantun koyon jinya na Kano su koyar da bayanin cuta da magani cikin Hausa a matsayin darasi mai jarrabawa, masana harshe na Jami'ar Bayero su taimaka wajen daidaita kalmomi, domin a bambanta gwajin gano cuta da jarraba sabon magani. Na biyu, kada a karɓi "to" a matsayin yarda sai mai jinya ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, a gaban shaidar da ba ta cikin masu gwajin. Na uku, takardar yarda ta kasance da Hausa, a boko da ajami, domin da yawa daga waɗanda ake kira jahilai a asibiti suna karanta ajami. Na huɗu, kowane asibiti ya buɗe hanyar da nas za ta ce "wannan bai dace ba" ta isa ga kwamitin ɗa'a ba tare da an yi mata canjin wurin aiki na horo ba, ƙungiyar nas-nas kuma ta tsaya mata.

Kimiyya na buƙatar gwaji, kuma Kano ta amfana da shi. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusan kawar da nau'in sanƙarau da ya yi ɓarna a 1996, kuma sai da aka jarraba ta a jikin 'yan Afirka, a ƙasashe irin su Mali da Gambiya, kafin a yarda da ita. Annoba za ta sake zuwa, masu sabon magani ma za su sake zuwa, wasunsu da alheri. A ranar, uwar da ta fito daga lungun Dala da yaro a kafaɗa za ta juya ta dubi nas, ta tambaye ta da Hausa, "Sista, mene ne za su ba shi?" Wajibi ne a shirya nas ɗin tun yau, da ilimi da kariya, yadda za ta iya ba da cikakkiyar amsa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.