Abin da Ke Kwance Ƙarƙashin Kududdufi

Duk wanda ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni cikin birnin Kano a ƙarshen bazara, sa'ad da ruwan farko ya tunkuɗo cikin lambatu da ragowar kududdufan da gine-gine ba su cinye ba, lalle ya shaƙi wani wari irin na baragurbi, wanda jama'a kan ɗora alhakinsa ga damina, alhali kuwa ba ta yi kome ba face tono abin da muka daɗe muna binnewa.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, ruwa in yana gudu, yakan kwashe lallausar laka da ruɓaɓɓen ganye ya bar yashi, yana kuma cuɗanya da iska, har ƙananan halittun da ido ba ya gani su samu numfashin da za su gama cinye ƙazantar. Amma in ya kwanta, sai gansakuka da kashin dabbobi da sauran tuwo su nutse sannu a hankali, iskar ƙasan ta ƙare, ruɓar ta tsaya rabi, a wayi gari da baƙar laka mai santsi wadda, in yaro ya soka mata kara, sai ka ga kumfa na tasowa. Ranar da ambaliya ta dama wannan laka, takan shanye ɗan iskar da ta rage cikin ruwan, shi ya sa akan ga kifi ya taso yana haki.

Malamanmu na fiƙihu ba su gafala daga wannan ba, domin mai Risala ya bambanta ruwan da ƙasar mazauninsa ta jirkita, wanda tsarkinsa yana nan, da wanda najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi. Kududdufan Kano, waɗanda asalinsu ramukan haƙar ƙasar gini ne, a yau sun fi karkata ga kashi na biyu, tun da kwatar gidajenmu ke zuba cikinsu, leda kuma ta toshe mafita.

Abin da nake roƙon masu unguwanni da hukuma shi ne a yi yasa tun da rani, lokacin da lakar ke kwance lafiya, kuma a kwashe ta nan take, domin wadda ake jibgewa bakin lambatu ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli, ruwan dare ɗaya ke mayar da ita inda ta fito.