Hujja Kafin Buroshi: Magana a Kan Fentin Ƙananan Jiragen Yaƙi

A cikin ayyukan hannu waɗanda mutanen Turai da Amurka da Japan suka mayar abin yi a lokacin hutu, akwai wani wanda bai yaɗu ƙwarai a wajenmu ba tukuna, ko da yake ya cancanci a san da shi, watau harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba waɗanda ake ƙerawa bisa ma'auni tabbatacce, ta yadda inci ɗaya a jikin ƙaramin yake tsayawa a matsayin inci 72, ko 48, ko 32 a jikin babban. Jirgin Spitfire na Ingila, wanda faɗin fukafukansa ya ɗara mita 11 da kaɗan, idan aka sauko da shi zuwa ma'aunin ɗaya bisa 72, bai cika santimita 16 ba, kuma tun shekarun 1950 kamfanin Airfix yake sayar da irinsa gunduwa-gunduwa, yara da manya suna saye suna haɗawa. Haɗawar ba ta da wuya ga mai natsuwa. Wurin fenti ne ake gane gwani, kuma a kan fenti ne ma'abota wannan fanni suka fi yawan saɓani.

Asalin mas'alar kuwa shi ne, rundunonin sama ba su shafa wa jiragensu launi bisa son rai ba, kowace hukuma tana da ƙa'idarta a rubuce. Ma'aikatar jiragen sama ta Jamus ta ba launukanta lambobi, irin su RLM 70 da 71 na kore iri biyu, da RLM 65 na shuɗi mai haske wanda ake shafawa a ƙasan jirgi, daga baya kuma 74 da 75 da 76 na ruwan toka; Ingila ta ba nata sunaye; Amurka ta tattara nata a kundin FS 595 a shekarar 1956. Sai kamfanonin fenti, su Humbrol na Ingila da Tamiya na Japan da Vallejo na Sifen, suka zo suna dama launi suna cewa wannan shi ne madadin lamba kaza. Da yawa daga cikin masu wannan aiki sun ɗauki rubutun da ke jikin kwalba tamkar nassi wanda ba a tankawa, alhali kuwa da mutum zai sayo kwalabe uku na kamfanoni uku, kowace tana da'awar launi guda, ya shafa su jere a kan farar roba, da ya ga cewa kowace ta kama gabanta.

Ra'ayina a nan shi ne, lamba tana faɗin abin da hukuma ta yi umarni da shi ne kurum, amma abin da ya tabbata a jikin jirgi wani al'amari ne dabam, wanda ba a saninsa sai da bincike, don haka taƙlidi ga kwalba ba ya isar wa wanda yake neman gaskiyar tarihi. A watan Yuni na 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Faransa take faɗuwa, Ingila kuma take sauraron hari, an umarci a shafa wa ƙasan jiragen yaƙinta wani launi tsakanin kore da shuɗi mai kama da ƙwan agwagwa. Amma da yake fentin bai wadata ba, sai waɗansu sansanoni suka yi amfani da abin da ya yi kusa da shi, waɗansu suka dama nasu, har aka wayi gari jirage na runduna guda suna tashi da launuka mabambanta ƙarƙashin umarni guda. Haka kuma gab da ranar 6 ga Yuni 1944, sa'ad da sojojin ƙawance za su sauka a Normandi, an zana wa dubban jirage zane biyar, fari uku baƙi biyu, a fukafukai da gangar jiki, don kada nasu su harbo su, kuma da yawa an yi su ne cikin gaggawa da manyan burosai, bakin zanen a karkace. Wanda ya zo yau ya ja nasa da rula, tsaf babu ko ɗigo, ya ƙawata jirginsa, amma mai yiwuwa ne ya saɓa wa abin da ya faru.

Ko hotunan da ake kafa hujja da su suna bukatar mai karatu da basira. Akwai wani irin fim na wancan zamani wanda yake mayar da rawaya da ja su yi duhu, shuɗi kuwa ya yi haske, ta yadda da'irar rawaya da ke kewaye da tambarin Ingila takan fito kusan baƙa. Wanda bai san illar fim ɗin ba sai ya yanke hukunci a kan kuskure, wani ya ruwaito daga gare shi, kuskuren ya shiga littattafai. Jirgin Zero na Japan masu wannan aiki sun daɗe suna shafa masa ruwan toka mai haske ainun, sai da masu tahƙiƙi suka duba ragowar tarkacensa, musamman wuraren da rana ba ta taɓa ba, suka ga launin ya fi haka duhu, yana karkata zuwa ga ruwan zaitun. Ga kuma wani abu wanda ido da kansa yake shaidawa: launi guda ya fi duhu a kan ƙaramin abu da ake riƙe da shi cikin ɗaki bisa ga yadda yake a kan babban jirgi da ake hange daga nesa a fili, shi ya sa gwanaye sukan sassauta launi da ɗan fari ko ruwan toka gwargwadon ƙanƙantar ma'auni.

Kada a fahimce ni cewa ƙofa a buɗe take kowa ya shafa abin da ya ga dama. Saɓani a kan duhun kore ko haskensa abu ne mai sauƙi, amma akwai iyakoki waɗanda aka yi ittifaƙi a kansu. Jiragen faɗa na Ingila sun bar launin ƙasa-ƙasa sun koma ruwan toka tare da kore a watan Agusta na 1941, domin yaƙin ya koma kan teku da sararin Faransa; saboda haka wanda ya shafa ruwan toka a bayan Spitfire, sa'an nan ya ce na daminar 1940 ne, ya yi kuskure bayyananne wanda babu tawili a cikinsa. Hanyar da na fi ganin ingancinta ita ce mutum ya zaɓi jirgi ɗaya tak, da lambarsa, da watan da yake nufi, da ƙasar da yake tsaye a kanta, kana ya nemi launi.

Mu kuwa muna da misali a ƙofar gida. Daga watan Satumba na 1940, da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a haɗa su a can, su taso ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi, su bi ta Janaina da Fashir da Khartum har Masar, tafiyar fiye da mil 3,500, galibi jirgin Blenheim a gaba yana jan ayarin jiragen Hurricane. Jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Wanda ya yi nufin kwatanta Hurricane guda a filin jirgin Kano, lalle ne ya tambayi kansa ko yana ɗauke da kore da ƙasa-ƙasa na Ingila ne, ko kuwa launin hamada, watau ƙasa-ƙasa da ruwan yashi a sama, shuɗi a ciki. Ya kuma lura cewa akan shafa wa waɗansu fari a bayan gangar jiki da wutsiya, don a hango su idan sun sauka dole a daji.

Idan an gama da zaɓen launi, saura zaɓen jinsin fenti, kuma iri uku ne. Akwai fentin mai, wanda Humbrol ya shahara da shi cikin 'yan gwangwanaye na mililita 14, mai kwanciya lafiya ƙarƙashin buroshi amma mai jinkirin bushewa. Akwai akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa ko sinadarinsa, mai saurin bushewa da ƙarancin wari. Akwai kuma na uku, ɗan'uwan fentin mota, mai ƙarfin kamu da kaifin tina, watau sinadarin da ake tsinka shi da shi, wanda ba a shafa shi a kan fentin mai domin yakan tayar da shi ya yamutse, ba a kuma fesa shi sai a wuri mai iska da abin rufe hanci. Tinar masu fentin mota, idan ta kwanta a kan robar jirgi, cinye ta take yi. Ban ga dalilin fifita jinsi ɗaya a kan sauran a kowane hali ba. Abin da nake jayayya da shi shi ne kauri. Mafi yawan jiragen da suka lalace a hannun masu koyo, fenti mai kauri ne ya kashe su, domin layukan da suke nuna mahaɗar ƙarafa da kawunan ƙusoshi sirara ne ƙwarai, shafa ɗaya mai nauyi ta isa ta binne su. A wanke robar da ruwa da sabulu, a yi shimfiɗa ta fari, a tsinka fenti har ya zama kamar madarar shanu, a shafa sau biyu ko uku, ana barin kowace shafa ta bushe sarai, ana farawa da launi mai haske kafin mai duhu. Buroshi mai laushi a hannun mai haƙuri yana fitar da abin da 'yar bindigar feshi ba ta fitarwa a hannun mai garaje. A ƙasarmu kuma akwai ƙarin jarrabawa, domin a lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, a bazara kuwa feshi yakan bushe a iska kafin ya isa, ya bar jikin jirgi da kaushi. Maganinsa aiki da sassafe, da kifa kwali mai tsabta a kan jirgin da zarar an ajiye buroshi.

Kafin a liƙa tambura, wajibi ne a shafa ruwan sheƙi, in ba haka ba iska takan maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari-fari kamar azurfa, bayan an liƙa kuma a rufe da wanda yake kashe sheƙin. Daga nan sai aikin tsufar da jirgi, wanda a zamanin nan aka wuce haddi a cikinsa, ana cika kowane layi da baƙi, ana ɓare fenti ko'ina, har jirgi ya zama kamar wanda aka tono. Wannan ma hujja ce take hukunci a kansa. Jirgin da ya yi shekara a hamadar Libiya, rana ta koɗar da shi, takalman makanikai sun goge gindin fukafukinsa, ya cancanci a nuna masa haka. Hurricane da aka fitar daga akwati a Takoradi kwana biyu kafin ya sauka a Kano kuwa sabo ne, abin da za a sa masa bai wuce ɗan baƙin hayaƙi a bayan salansa da jar ƙura a tayoyi ba.