Kafin Ka Yi Maganar Kafin Zaki, Je Ka Bi Kogin Jama'are

Idan aka ce yawon buɗe ido a Bauchi, kowa Yankari yake tunawa, da ruwan ɗumin Wikki. Ba na kushe Yankari, to amma akwai wata tafiya da ba ta da ƙofar shiga balle tikiti, kuma a ganina ta fi amfani ga mutumin Bauchi, musamman masu ɗaga murya a majalisar shayi kan madatsar ruwan Kafin Zaki. Tafiyar ita ce bin garuruwan bakin Kogin Jama'are har zuwa Gashuwa.

Lokacinta shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya fara ja amma ƙasa ba ta bushe ba. Ka tashi daga Bauchi da sassafe ta hanyar Darazo, ka karya kwana a Kari zuwa Misau, sai Azare. Wannan ɓangaren duwatsu ne da gonakin dawa, a wuce shi da sauri. Daga Azare ka yi yamma kaɗan a kan titin Kano, sai ga ka a gadar Jama'are. Don Allah ka sauka daga mota a nan. Kogin da kake kallo daga tsaunukan Jos ya taso, a wajen Ningi ana kiransa Bunga, kuma har yau babu wata babbar madatsa a kansa. Za ka ga yashi fari fat, yara suna wanka, Fulani sun kawo shanu shan ruwa, ga masu noman rani sun fara jan injin ban ruwa zuwa gaɓa.

Daga nan sai ka koma Azare ka yi arewa zuwa tsohon garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadi. A 1916 aka mayar da fadar masarautar Azare, shi ya sa garin ya yi shiru, amma a da babban zango ne a hanyar Kano zuwa Borno. Ta nan Bature Clapperton ya bi a watan Janairun 1824, kuma a kusa da nan abokin tafiyarsa Dakta Oudney ya mutu. Allah Sarki, yawancin 'yan Bauchin da na sani sunan Katagum kawai suke ji a rediyo.

Abin kallo na sosai yana farawa ne idan ka ɓulla Haɗeja ka kama hanyar Nguru. Ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma, goriba jere-jere, ruwa a dama ruwa a hauni, fadamun shinkafa iya ganinka. Masunta suna cikin kwale-kwale, wasu kuma sun kwanta a kan gora suna jefa koma. A bakin titi mata na soya karfasa da tarwaɗa, warin banda yana bin iska. Tsuntsaye kuwa har daga Turai suke zuwa su yi sanyin hunturu a nan, shi ya sa a 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya zo Dagona don ya gan su, a shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya da ake karewa.

To amma ka buɗe ido da kyau, mai karatu. Wannan koren da ya cika rafuka, wanda baƙo zai ce kai, masha Allah, ba shinkafa ba ce. Kacala ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a ƙasar Kano, Kogin Haɗeja ya daina tafiyarsa ta asali. A da ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, ya ƙafe da rani. Yanzu yana silalowa kaɗan-kaɗan duk shekara, ita kuwa kacala abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana kwale-kwale wucewa, sannan ta zama masaukin jan baki masu cinye hatsi. Wani ƙauyen ruwa ya yi masa yawa, wani kuma ruwan bai ƙara kai masa ba.

Gab da Gashuwa ne Kogin Jama'are ke haɗuwa da na Haɗeja su zama Komadugu Yobe, kuma mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa na Jama'are ne. A nan maganar Kafin Zaki ta shigo. Tun zamanin Shagari aka ba da kwangilar madatsar, aka soke a 1984, Babangida ya maido da ita a 1992, Abacha ya sake sokewa a 1994. An tsara za ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 2,700, ta shayar da hekta 120,000. A zamanin Gwamna Isa Yuguda an sake taso da ita da ƙarfi, mutanen Yobe da Borno suka ce ba su yarda ba. Mu nan Bauchi sai aka riƙa cewa hassada ce.

Ni ban ga hassada ba. Iyayena daga Diffa suka zo, kuma babana fataucin tattasai da banda yake yi. Jan tattasan da ake saukewa buhu-buhu a kasuwanninmu, wanda ake cewa na Diffa, da ruwan Komadugu ake nomansa, wato ruwan nan da ka gani yana wucewa ƙarƙashin gadar Jama'are. Manomin Gashuwa da masuncin Geidam da mai lambun Diffa duk a kogi ɗaya suke sha da mutumin Ningi. Idan suka kalli abin da Tiga ta yi wa Nguru suka ji tsoro, ai ba su yi laifi ba.

Na san masu son madatsar su ma suna da hujja. Ambaliya na cin gonaki da gidaje a Jama'are da Zaki da Itas kusan kowace damina, a watan Agustan 2024 ma ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Ga matasa birjik babu aikin yi. Wannan gaskiya ce. Abin da nake cewa shi ne duk wanda zai kawo zancen Kafin Zaki lokacin zaɓe, ya faɗa mana ruwa nawa za a riƙa saki, a wane wata, wa zai riƙe makullin, kuma ko mutanen Bade suna da kujera a wurin da za a yanke shawarar. Hekta 120,000 a takarda ba ta amsa ko ɗaya daga ciki.

Shawarata, ka tsaya a Gashuwa ka juyo, domin hanyar Geidam da Damasak sai da tambaya tun da rikicin Boko Haram ya taɓa yankin. Kwana uku sun isa. Ka riƙe gidan sauro, ka kuma bar wuri a bayan mota saboda banda. Sai mun sake haɗuwa, wassalam.