Minti 74 da Legas ta karkatar da Google: a daina kiran sakaci tsautsayi

A ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne da ke Legas ya yi kuskure wajen saita rautocinsa, wato na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanya a intanet. Sanarwar hanyoyin zuwa Google, wadda ya kamata ta tsaya a cikin gida, ta tsallaka zuwa China Telecom. Shi kuma ya karɓa bai tantance ba, ya miƙa gaba. Kimanin minti 74 bayanan masu neman Google suna bi ta Rasha zuwa Sin, suna maƙalewa a can. Kamfanin ya ce ba da gangan ba ne, kuma na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira wannan tsautsayi.

Tsarin BGP, wanda cibiyoyin sadarwa ke musayar hanyoyi da shi tun 1989, a kan amana aka gina shi. Kowace cibiya tana shelanta cewa ta wajenta ake zuwa adireshi kaza, maƙwabtanta su gaskata ba tare da neman shaida ba. A watan Fabrairun 2008, Pakistan Telecom ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa kaɗai, sai sanarwar ta fita waje, shafin ya ɓace wa yawancin duniya na kusan awa biyu. Fiye da shekara goma tsakanin wannan da na Legas. Wanda ya faɗa ramin da aka daɗe da nuna masa ba shi da ta cewa.

Maganin kuwa sananne ne. A rubuta wa rauta jerin adiresoshin da aka yarda ta shelanta, ta hana saura fita. Da ɓangarorin biyu sun yi haka, da abin bai wuce Legas ba. A ƙayyade yawan hanyoyin da za a karɓa daga kowane maƙwabci. A sa wa adiresoshi hatimin RPKI ta hannun AFRINIC, wanda ke maganin irin abin da ya faru a Pakistan. Shirin MANRS yana ta nanata waɗannan matakai tun 2014.

Za a ce wannan aikin manyan kamfanonin sadarwa ne. Ba haka ba ne. Duk banki ko jami'ar da ta haɗa layi da kamfanoni biyu ta hanyar BGP tana iya kwarara hanyoyin ɗaya zuwa ɗayan, ta wayi gari ta zama gadar da ba ta iya ɗaukar kayan da aka ɗora mata. Za a kuma ce akwai tsada. Rubuta dokar tacewa ba ya bukatar sabuwar na'ura. Ƙwararren injiniya yake bukata, da abokin aiki mai duba saitinsa kafin a ɗora. A nan ne shugabanni ke yin rowa: hannunsu a sake wajen sayen Cisco da Juniper, a dunƙule wajen albashi da horon mai saita su.

Ya kai shugaban ma'aikata, a zama na gaba ka tambayi sashen sadarwarka: wa ke duba saiti kafin ya hau, kuma me zai hana rautarmu shelanta hanyar da ba tamu ba? Idan aka yi shiru, laifin gobe a wuyanka yake, ba a wuyan injiniya ba.