Kada Gini Ya Raba Ɗan Kallo Da Gulbi

Akwai magina masu ilmin zamani da ke ganin ba a girmama wurin wasa sai an kewaye shi da dogon bango, an ɗora bene, an jera kujerun manya can sama. A filin ƙwallo wannan ya yi daidai. A bakin gulbi kuwa kuskure ne babba, kuma Argungu ta isa shaida.

Tun shekarar 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su, Matan Fada take tara jama'a. Ana buga bindiga, dubban masunta su sheƙa a guje, kowa da homa da gora, su faɗa ruwa neman giwan ruwa. Ga kuma kabanci, watau ninƙaya da tseren kwalekwale da kamun agwagwa. To, me ɗan kallo ya baro garinsu ya zo nema? So yake kiɗan ya shiga jikinsa, ya ji ƙarnin kifi, ya ga fuskar masunci sa'ad da ya rungumo kifin da ya kusa kai shi nauyi. Wanda aka ɗora a bene mai nisa ba ya ganin kome sai kawuna, kamar tururuwa.

Masu son bene sukan ce haka Turawa ke yi. Ashe ba su duba da kyau ba. A Bregenz ta ƙasar Ostiriya, a 1946, bisa jiragen dakon tsakuwa biyu aka fara wasa a kan tafki. Yanzu wurin na ɗaukar mutum kusan 7,000, amma dandalin yana cikin ruwa, masu kallo na gaɓa a sarari, ba rufi. Tafkin suka bi, ba su juya masa baya ba.

Abin da ya dace da gaɓar gulbi matakala ne masu faɗi, ba tsawo, suna gangarawa har kusa da ruwa, don na baya ya hango ta kan na gaba, da rumfunan da za a kwance bayan biki. A bar wa masunta hanyar gudu a buɗe, gama gudun nan rabin wasan ne. A ware wa mata da yara wuri mai shinge, saboda turereniya a bakin ruwa ba abin wasa ba ce.

Magini kuma ya tuna da rani ake biki, amma gulbi da damina yake cika. Kafin ya haƙa harsashi, sai ya tambayi Sarkin Ruwa iyakar inda ambaliya takan kai.