Kowa ya bar gida: darasin Abdelmalek Sayad ga Agye, Gazawa da Gidan Runji

Hukumomin Nijar suna da littattafan lissafi guda biyu da suke cikawa kowace shekara, amma ba kasafai ake ɗora su kan teburi ɗaya ba. Na farko yana hannun malaman lakwal: sunayen yaran da aka rubuta a watan Oktoba, da waɗanda suka saura a aji zuwa watan Yuni. Na biyu yana hannun jandarma da ƴan sanda da ƙungiyoyin agaji: sunayen waɗanda aka koro daga Aljeriya ta Asamaka, ko aka maido daga Libiya. Ma'aikatar ilimi tana kuka da na farko, ma'aikatar cikin gida tana kuka da na biyu, kowace da taronta da rahotonta da masu ba ta tallafi. Alhali duk wanda ya san ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Runji ya san cewa sau da yawa sunan da ya ɓace daga littafin farko shi ne yake bayyana a na biyu bayan ƴan shekaru.

Haɗa waɗannan littattafai biyu aikin masanin zamantakewar al'umma ne. Akwai mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan wannan aiki, kuma ko da yake ba ƙasar Hausa ya nazarta ba, tarihinsa ya cancanci ɗan kasuwa da ma'aikacin jihar Maraɗi su san shi, domin ɗan ƙauye ne, malamin firamare ne, sannan shi kansa ya ɗanɗani zaman ƙasar wasu. Sunansa Abdelmalek Sayad.

An haifi Sayad a 1933 a ƙauyen Agbala, cikin duwatsun Kabiliya a Aljeriya, lokacin mulkin Faransa. Ya yi firamare a ƙauyensu, ya wuce lise a Bijaya, daga nan ya shiga makarantar horon malamai ta Buzareya a birnin Aljas, ya fito ya koyar da ƴaƴan talakawa a tsohuwar unguwar Kasba. Yana koyarwa yana karatu a jami'ar Aljas, inda ya haɗu da malaminsa Pierre Bourdieu, wanda daga baya ya zama abokin aikinsa. Ana tsakiyar yaƙin neman ƴanci suka shiga sansanonin da sojan Faransa ya tara manoma kimanin miliyan 2 bayan ya tashe su daga ƙauyukansu. Abin da suka gani ya fito a 1964 cikin littafin Le Déracinement, wato tumɓuke mutum daga tushensa. Sun nuna cewa manomin da aka raba da gonarsa ba gona kaɗai yake rasawa ba, har sha'awar noman tana fita daga ransa, ya koma auna ranarsa da ladan da za a biya shi.

A 1963 Sayad ya koma Faransa. Shekara goma sha huɗu ya yi yana aikin bincike na wucin gadi, sai a 1977, yana da shekara 44, cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, ta ɗauke shi aikin dindindin. Ya rasu a watan Maris na 1998. Babban littafinsa, La Double Absence, bayan rasuwarsa ya fito, a 1999, kuma rubuce-rubucensa kan makaranta da ƴaƴan baƙi sai a 2014 aka tattara su wuri ɗaya. Yau ɗakin karatu na gidan tarihin ƙaura da ke Paris sunansa yake ɗauke da shi. An girmama shi, amma a makare.

Me ya gano? Da farko ya ce ƙasar da baƙo ya sauka takan fara lissafinsa ne daga ranar da ya tsallaka iyakarta, kamar ranar aka haife shi. Sayad ya ce wannan rabin labari ne: kafin mutum ya zama baƙo a can, sai da ya zama wanda ya tashi daga nan, kuma wanda bai san dalilin tashin ba ba zai fahimci zaman can ba.

Na biyu, a wani nazari da ya fitar a 1977 ya raba ƙaurar Aljeriyawa zuwa Faransa zamani uku. A na farko gida ne yake zaɓen mutum ya tura shi, ya yi ɗan lokaci, ya kawo kuɗin haraji da na iri, ya koma gona. A na biyu saurayi yana tafiya don kansa, ba da aiken kowa ba, domin ya fid da rai daga noma. A na uku mata da yara sun bi, an kafa unguwa a can, ana ta maganar komawa gida ba a komawa.

Na uku, ya bayyana ƙaryar da al'umma take haɗuwa ta rufa wa kanta. Wanda ya dawo yakan zo da sabuwar riga da tsaraba, ya ɓoye kwanan cunkoso da wulakancin da ya sha, domin kada a ce ya gaza. Ƙannensa suna ganin rigar, ba su ganin wahalar, su ma sai su ɗaura niyya. Ƙarshen abin shi ne mutum ya zama babu shi a wuri biyu: a gida ana lissafa shi amma ba ya nan, a can yana nan amma ba a lissafa shi. Bahaushe ya riga ya faɗi rabin wannan da ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A fannin ilimi kuwa, Sayad ya ba da gudummawa ga kwamitin Jacques Berque, wanda ya miƙa wa gwamnatin Faransa rahoto a 1985 kan karatun ƴaƴan baƙi. Ya soki tsarin ware waɗannan yara da darussa na dabam da sunan al'adunsu na asali, domin a ganinsa hakan yana tuna musu kullum cewa ba ƴan gida ba ne, ana jiran ranar da za su tafi.

Yanzu a dawo gida. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Agye mutum kimanin dubu 246, Gazawa kimanin dubu 160, Gidan Runji sama da dubu 520. Yanki ne da yake cikin mafi cunkoson karkarar Nijar. Gado yana raba gandu kowane ƙarni, gamanar saurayi da ta mace suna ƙanƙancewa, hutun gona ya zama tarihi. Noman aya a wajen Cadawa da Gazawa yana kawo kuɗi, amma yana cin taki da ƴan ƙwadago, saboda haka mai jari ne yake cin moriyarsa. Wanda ya rasa yakan jinginar da gona, daga jingina a kai ga sayarwa. Masu sayen kuwa, ba boyayyen abu ba ne, da yawa ƴan kasuwa ne da ma'aikatan birni.

Cin rani ba sabon abu ba ne a wannan yanki, ba kuma cuta ba ne. Wanda ya tafi Katsina ko Kano bayan girbi ya rage baki a rumbu, ya dawo kafin shuka da kuɗin taki da na aure. Wannan shi ne zamanin farko na Sayad, kuma shi ya riƙe gidaje da yawa a yunwar 1984 da 1985, wadda jama'a suka raɗa wa suna El Buhari saboda ta zo lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, haka kuma a matsalar abinci ta 2005. Abin tambaya shi ne: har yanzu a zamanin farko ake? Saurayin da ya tafi Legas ko Sabha ya yi damina biyu bai dawo ba, gida ya aike shi ko noma ya gudar wa? Yaron da ya bar aji don ya bi yayansa, talauci ya fitar da shi, ko ya duba ya ga mai birbe yana zaune ba aiki, mai dawowa daga Libiya kuma yana kan babur? Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna ko gina aji ake bukata, ko gyaran dokar gona, ko koyar da sana'a. Gwamnatin da ba ta da amsar tana zuba kuɗin talakawa a duhu.

Za a ce Kano ba Paris ba ce, kuma gaskiya ne. Bagobirin Tibiri da ya sauka Sabon Birni cikin danginsa ya sauka, harshe ɗaya, addini ɗaya, iyakar ma Turawa suka shata ta. Amma takarda ba ta san dangi ba. A 1983 Najeriya ta kori baƙi marasa takardu, ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023. Duk ranar da aka rufe ƙofa, ɗan uwa yakan wayi gari baƙo.

Akwai yara iri uku a wannan yanki da makaranta da tafiya suka haɗu a kansu. Akwai waɗanda suka bar lakwal suka bi cin rani. Akwai almajirai, waɗanda neman ilimin ne ma ya fitar da su daga gida, su bi malami zuwa Maraɗi ko Katsina ko Zariya. Akwai kuma ƴaƴan ƴan gudun hijira: tun 2019 dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa ƴan bindiga suka shigo gundumar Gidan Runji da ta Madarunfa, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yaron da ya fara boko da Ingilishi a can ya tarar da Faransanci a nan, alhali shi da malamin da ƴan ajin duka Hausa suke yi a gida. Gargaɗin Sayad ya shafe shi kai tsaye: in aka riƙe shi matsayin baƙon da ake jira ya tafi, zai girma ba na can ba, ba na nan ba.

Ba a ce ba a taɓa nazarin ƙasar Maraɗi ba. Guy Nicolas ya yi rubutu mai zurfi kan zaman Hausawan kwarin Maraɗi, Claude Raynaut kan ƙauyen Sumarana da sauyin noma, Emmanuel Grégoire kan alhazan birni a 1986, Olivier Meunier kan karatun addini a 1997, Ba'amurke David Rain kuma kan masu cin rani a 1999. Ayyuka ne masu daraja, sai dai da Faransanci da Ingilishi aka buga su, a Turai da Amurka, kuma jikokin waɗanda aka yi wa tambayoyin ba su taɓa jin abin da aka rubuta kan kakanninsu ba. Nijar ma ta haifi nata masana, irin su marigayi Diouldé Laya, kuma tun 2001 cibiyar LASDEL a Yamai take horar da matasa. Amma matashin mai bincike da ba shi da albashi tsayayye dole ya bi ƴan kwangilolin furoje: mako biyu a ƙauye, tambayoyin da mai kuɗi ya tsara, rahoton da zai kwanta a durowa. Da irin wannan ba a gano abin da Sayad ya gano, domin shi awa da awa yakan zauna da mutum guda, da harshen mutumin, har sai kunya ta kau gaskiya ta fito.

Sakamakon rashin sanin a bayyane yake. A Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, galibi mata da yara daga yankin Kance mai maƙwabtaka. A 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, a Nuwamba 2023 aka soke ta. Da kafawar da sokewar, duk a kan hanya aka tsaya, kan direba da mota da shinge. Ƙauyen da aka taso da ajin da aka bari ba su shiga muhawarar ba.

Gyaran bai fi ƙarfin jihar Maraɗi ba. Sayad daga aji ya fito, kuma a kowane ƙauye akwai malami, sau da yawa ɗan kwantaragi, wanda ya san yaron da ya tafi, da inda ya tafi, da wanda ya biya masa kuɗin mota. A koya wa ɗaliban makarantar horon malamai ta Maraɗi yadda ake rubuta wannan da tsari, a buɗe wa haziƙan cikinsu hanyar zuwa jami'a. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ta yi suna a fannin noma da kimiyya da likitanci, ta ware gurbi na dindindin ga nazarin makaranta da ƙaura, da albashin da zai bar mutum ya bi ƙauyuka uku ko huɗu shekara goma. Tunda kundin da aka kafa a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, a wajabta wa duk mai bincike ya mayar da sakamakonsa da Hausa, a gaban hakimai da iyaye da rediyon karkara.

Alhazan da suke gina masallatai da azuzuwa su ma suna da rabo a ciki. Kuɗin ɗaukar nauyin ɗalibi guda har ya gama digirin dakta bai kai kuɗin tirela ɗaya ba, kuma samarin da suke watsewa su ne masu noma ayar da ake lodi, su ne masu sayen hajar kanti. Faransa ta bar Sayad shekara goma sha huɗu a bakin ƙofa kafin ta gane darajarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu ɗakin suna nan cikin azuzuwan zana na Gangara da Gidan Sori da Saye Sabuwa. Ya rage ga mahukunta da masu hali su ba su alƙalami da lokaci.